Yadda Ake Tsara Motocin Bas na Birni da Yadda Ake Gudanar da Su

Duk wanda aka ɗora wa alhakin samar wa birni motocin bas na haya, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne sayen motocin, domin su ne ido ke gani, kuma su ne ake jerawa a fili ranar ƙaddamarwa. Sai dai sayen mota shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, kuma kamata ya yi ya zo kusan ƙarshe. Abin da fasinja yake biyan kuɗi dominsa shi ne tabbacin cewa idan ya tsaya a bakin titi mota za ta zo kafin ya gaji da jira, sannan ta kai shi inda za shi a lokacin da ya ƙiyasta. Wannan tabbaci yana fitowa ne daga yadda aka zana layuka, da yawan motocin da aka sa a kowane layi, da kuma, sama da komai, yadda ake biyan mai mota da direbansa.

A fara da ƙidaya

Kafin a ja layi ko ɗaya a kan taswira, dole ne a san inda mutane suke kwana da inda suke yini. Hanya mafi arha ta sanin haka ita ce a tura masu ƙidaya su tsaya a manyan mahaɗu da gadoji, su riƙa rubuta yawan motocin haya da suka wuce da yawan mutanen da ke cikinsu, awa bayan awa, a ranakun aiki da ranakun hutu. Wasu kuma su shiga motocin hayar da suke aiki a halin yanzu, su rubuta inda ake hawa da inda ake sauka. Direbobin da suka daɗe a kan hanya sun san abubuwa da yawa game da zirga-zirgar gari, kuma hanyoyin da suka saba bi ba kara-zube suka zaɓe su ba, buƙatar jama'a ce ta fitar da su, saboda haka raina iliminsu asara ce.

Adadin da ake nema daga duk wannan ƙidaya guda ɗaya ne: mutum nawa ke wucewa ta wurin da ya fi cika a kan layin, a cikin awar da ta fi cika, ta fuska ɗaya. A kan wannan adadi ake gina sauran lissafi.

Zana layuka

A nan akwai zaɓin da babu makawa sai an yi shi, kuma gara a yi shi a fili. Da motoci ɗari, ana iya kafa layuka masu yawa da za su leƙa kowace unguwa, amma mota ba za ta riƙa zuwa ba sai bayan rabin awa ko fiye. Ana kuma iya kafa layuka kaɗan, miƙaƙƙu, a kan manyan tituna, mota na zuwa kowane minti 8 ko 10, amma wasu mutanen sai sun taka ƙafa kaɗan kafin su kai bakin hanya. Tsarin farko yana faranta wa wakilan unguwanni rai, na biyu kuwa shi ne yake cika motoci da fasinja. A ganina, mafi yawan motocin ya kamata su tafi ga tsari na biyu, a ware wani kaso sananne domin unguwannin nesa da tsofaffi da masu buƙata ta musamman, a kuma faɗa wa jama'a cewa an ware shi ne domin adalci, ba domin ya mayar da kuɗinsa ba.

Birnin Houston na Amurka ya yi irin wannan sauyi a watan Agusta na 2015. Layukansa na da kusan duk suna nufar tsakiyar gari ne, alhali wuraren aiki sun bazu ko'ina, sai aka sake zana su suna gicciyar juna, aka kuma tabbatar da cewa a manyan layukan mota na zuwa kowane minti 15 ko ƙasa da haka har a ranakun Asabar da Lahadi. Irin wannan tsari yana tilasta wa fasinja canjin mota, kuma canjin mota ba ya zama wahala muddin jiran gajere ne kuma ba a sake cajin sa kuɗi ba.

Wuraren tsayawa kuma kada su yi kusa da juna fiye da kima. Tazarar mita 300 zuwa 500 ita ce aka fi amfani da ita a cikin gari, kasancewar mita 400 tafiyar kusan minti biyar ce a ƙafa. Kowace tsayawa tana cin lokacin rage gudu, da buɗe ƙofa, da sake kutsawa cikin jerin motoci, kuma duk wanda ke cikin motar shi ne yake biyan wannan lokacin.

Lissafin yawan motoci

Wannan lissafi ba shi da wuya, amma shi ne yake bayyana dalilin kusan kowace shawara da za ta biyo baya. A ɗauka layi yana cin minti 40 zuwa da minti 40 dawowa, sannan an ba direba minti 5 a kowane ƙarshe domin ya huta ya kuma cike gurbin makara. Zagaye ɗaya ya zama minti 90 ke nan. Idan ana son mota ta riƙa zuwa kowane minti 10, sai a raba 90 da 10, a sami motoci 9. Idan ƙidaya ta nuna mutum 1,200 ne ke wucewa ta wurin da ya fi cika a awa ɗaya, kuma kowace mota tana ɗaukar mutum 80, ana buƙatar motoci 15 su wuce a awa, wato ɗaya kowane minti 4, wanda ke nufin motoci 23 a kan layin a lokacin cikowa. A kan wannan sai a ƙara wasu na ko-ta-kwana, domin kullum za a sami waɗanda suke gareji.

Yanzu a ɗauka cunkoso ya mayar da minti 40 ɗin nan 55. Zagayen ya koma minti 120, kuma aikin da motoci 9 suke yi sai an sa 12, da ƙarin direbobi da ƙarin mai, ba tare da fasinja ya ga wani ci gaba ba. Wannan shi ne hujjar keɓe wa bas sashensa na titi, wanda sauran motoci ba sa shiga. Birnin Kuritiba na Burazil ne ya yi fice da wannan dabara tun 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner, inda aka keɓe tsakiyar manyan tituna ga motocin bas. A 1991 aka ƙara tashoshi masu siffar bututu, waɗanda ake biyan kuɗi tun kafin a shiga mota, kuma daɓensu daidai yake da daɓen motar, ta yadda mutane ke shiga ta ƙofofi da yawa a lokaci guda ba tare da hawa matakala ba. Bogota, babban birnin Kolombiya, ya faɗaɗa tsarin da TransMilenio a watan Disamba na 2000, ya ƙara sashen wucewa a tashoshi domin motocin da ba sa tsayawa a ko'ina su wuce masu tsayawa. Ba kowane birni ne yake buƙatar gini irin wannan ba. Sau da yawa fenti a kan kwalta, da jami'ai ko kyamarori masu hana kutse, da danjar da ke ba bas hannu kafin sauran motoci, sun isa su dawo da mintocin da suka ɓace. Amma sashen da ba a tsare shi ba, cikin 'yan makonni yake komawa wurin ajiye motoci da kasa kaya.

Wane ne mai motar, kuma a kan me ake biyansa

A nan ne tsari yake gyaruwa ko ya lalace. A biranen da babu hukuma mai tsarawa, mai mota yana ba direba motarsa a kan balas, wato kuɗin da zai kawo masa kowace rana, abin da ya saura kuma na direba ne da yaron mota. Mutumin da cinsa da shansa suka rataya a kan yawan kawunan da ya ɗauka ba zai bar tasha ba sai mota ta cika, zai yi tsere da abokin sana'arsa domin ya riga shi kaiwa ga fasinjan gaba, zai tsaya a duk inda aka ɗaga masa hannu, kuma ba zai shiga unguwar da ba ta da ciniki ba, balle ya fito da tsakar dare. Wannan ba mugun hali ba ne, abin da tsarin biyan ya koya masa ke nan, kuma ko an ba shi sabuwar mota fil haka zai ci gaba da yi.

Maganin da birane da yawa suka tsaya a kansa shi ne raba aikin gida biyu. Hukumar sufuri ta birni ita ce take zana layuka, ta tsara jadawali, ta yanke kuɗin mota, ta kuma karɓi kuɗin da fasinjoji suka biya. Kamfanoni kuma suna neman kwangilar tuƙa motocin, ana biyan su a kan kilomitocin da suka yi bisa jadawali, ko motar ta cika ko ba ta cika ba, direba kuma yana karɓar albashi. Da zarar an yi haka, dalilin tsere ya kau. Landan ta fara ba da kwangilar layukanta ta hanyar gasa a 1985, kuma tun 2000 hukumar Transport for London ce take riƙe da ragamar. Jajayen motocin nan da aka san birnin da su na kamfanoni ne daban-daban, amma fasinja ba ya buƙatar sanin haka, domin launi ɗaya ne, kuɗi ɗaya, taswira ɗaya. Sauran biranen Ingila kuwa an sakar wa kamfanoni mara a 1986, kowa ya zaɓi layinsa da farashinsa, kuma a shekarun da suka biyo baya masu hawa bas sun ragu a can yayin da suka ƙaru a Landan. Yankin Manchester ya dawo da layukansa ƙarƙashin hukuma daga watan Satumba na 2023, yana bin sawun Landan.

Biya a kan kilomita shi ma yana da ɓarakarsa, kuma wajibi ne a toshe ta a cikin takardar kwangila. Kamfanin da ya san kuɗinsa ba ya raguwa idan fasinja ya ragu yana iya daina damuwa da shi, direba ya wuce mutane a tasha, ko a bar mota da ƙazanta. Saboda haka ake ɗaura wani ɓangare na kuɗin a kan ingancin aiki: a ƙara wa kamfanin da motocinsa suke zuwa daidai, a yanke wa wanda ya kasa yin tafiye-tafiyen da aka tsara. Landan ta shigo da irin wannan kwangila a 2001, mai tsawon shekara biyar, da damar ƙarin shekara biyu ga wanda ya yi abin kirki. A layukan da mota ke zuwa akai-akai, abin da take aunawa shi ne mintocin da fasinja ya jira fiye da abin da jadawali ya yi masa alkawari. Wannan ma'auni ya fi tambayar ko mota ta tashi a kan lokaci, domin yana auna abin da mutumin da ke tsaye a titi yake ji a jikinsa.

Sai batun mallakar motoci da gareji. Idan kamfani ne ya mallaki garejin da ke kusa da layin, zai yi wuya wani ya iya gasa da shi idan wa'adin kwangila ya cika. Singafo ta warware wannan a 2016, inda gwamnati ta mallaki motocin da garejojin, kamfanoni kuma suka zama masu gudanarwa kawai, waɗanda za a iya sauyawa ba tare da an rasa mota ko ɗaya ba.

Masu motocin hayar da ake da su tun da farko kuwa, ba a tsallake su. Sana'arsu ce ake shirin taɓawa, kuma suna da ƙarfin tsayar da gari cak. Lokacin da Legas ta buɗe layinta na farko na bas mai keɓaɓɓen sashen titi daga Mile 12 zuwa CMS a watan Maris na 2008, wata ƙungiyar gama-kai ta direbobin haya ce aka ba tuƙa motocin. Johannesburg ta Afirka ta Kudu ma, da ta fara tsarin bas ɗinta mai suna Rea Vaya a 2009, ta mayar da masu ƙananan motocin hayar da layin ya shafa masu hannun jari a kamfanin da ke gudanar da shi, bayan doguwar tattaunawa mai zafi. Irin wannan tattaunawa takan ci lokaci fiye da ginin titin kansa, don haka a fara ta da wuri.

Kuɗi

A mafi yawan biranen duniya, abin da fasinjoji ke biya ba ya ɗaukar nauyin gudanar da motoci gaba ɗaya, balle sayen sababbi. Wanda ya yi alkawarin cewa tsarin zai riƙe kansa da kansa, ga kuɗin mota mai rahusa, ga motoci masu kyau, ga zirga-zirga har dare, ganin kitse yake yi wa rogo. Abin da ya dace shi ne a ƙiyasta giɓin tun farko, a kuma nemo masa kafa tabbatacciya da ba ta dogara da ra'ayin wanda ke kan mulki a wannan shekarar ba. Faransa ta yi haka tun 1971 a yankin Paris, da wani haraji da masu ɗaukar ma'aikata suke biya gwargwadon albashin da suke bayarwa, bisa hujjar cewa su ne suke cin moriyar isowar ma'aikatansu wurin aiki, daga baya kuma aka ba sauran birane damar karɓarsa. Idan babu irin wannan kafa, abin da ake fara yankewa shi ne gyara, domin ba a ganin illarsa nan take, kuma bayan 'yan shekaru sai a tarar da rabin motocin a kan duwatsu ana cire kayan wannan ana sa wa waccan.

Karɓar kuɗi a hannu yana cin lokaci a ƙofa kuma yana buɗe hanyar zurarewa. Katin da ake ɗora wa kuɗi yana magance duka biyun, sannan yana ba hukuma bayanin inda ake hawa da lokacin da ake hawa. Motocin Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi a watan Yuli na 2014, amma sai da katin biyan kuɗin mota na birnin, mai suna Oyster, ya shekara goma sha ɗaya a hannun mutane, kuma wuraren ɗora masa kuɗi sun wadata. A 2016 aka ƙara tsarin da ke ba fasinja damar canza mota cikin awa ɗaya ba tare da sabon caji ba. Ya kamata kuɗin da aka tara ya shiga asusu na musamman wanda daga cikinsa ake biyan kamfanoni a ranakun da aka ƙayyade, kamar yadda Bogota ta tsara, domin kamfanin da ba ya samun kuɗinsa a kan lokaci ba zai sayi taya a kan lokaci ba. Wasu wuraren sun soke kuɗin mota ɗungurungum, kamar Tallinn, babban birnin Estoniya, ga mazaunanta a 2013 da ƙasar Luksambak a 2020, sai dai motar kyauta da ba ta zuwa ba ta raba kowa da abin hawansa.

Aikin yau da kullum

Babbar cutar layi mai yawan motoci ita ce cunkushewarsu wuri ɗaya, a daɗe ba a ga mota ba, sannan uku su iso a jere. Yadda take faruwa shi ne, mota ɗaya ta makara da minti biyu, sai ta tarar da mutane sun taru fiye da kima a tasha ta gaba, ɗaukar su ya ƙara makarar da ita, ta bayanta kuma ta tarar da tashoshi babu kowa, ta yi ta matsowa har ta cim mata. Wannan ba ya gyara kansa. Ana buƙatar ɗakin sa ido, inda ake ganin kowace mota ta na'urar da ke nuna inda take, da mai kula da ke da ikon ce wa direba ya dakata minti ɗaya a tasha, ko ya juya kafin ƙarshen layi domin ya cike giɓin da ke ɗaya fuskar, ko a fito da motar ko-ta-kwana. A layin da mota ke zuwa kowane 'yan mintoci, daidaita tazarar da ke tsakanin motoci ya fi bin agogo muhimmanci. A layin da take zuwa sau biyu a awa kuwa, agogo ne sarki, kuma tashi kafin lokaci ya fi makara muni.

A gareji, gyara yana bin kilomita ne, ba jiran lalacewa ba: canjin baƙin mai, duba birki, taya da ƙofofi, kowanne da ranarsa a rubuce. Kowace safiya direba ya zagaya motarsa ya sa hannu kafin ya fita. Yana da kyau a taƙaita nau'in motocin da ake saye zuwa ɗaya ko biyu, domin makanikai su ƙware a kansu, kayan gyara kuma su samu. Masu sha'awar motocin lantarki, irin waɗanda birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya mayar da motocinsa fiye da 16,000 zuwa gare su a ƙarshen 2017, su fara da tambayar ko garejin zai sami wutar da za ta caja su duka cikin dare, kuma ko caji ɗaya zai kai motar ƙarshen aikin yini.

Direba kuma a ƙayyade masa awannin aiki, a ba shi hutu na gaskiya da makewayi a ƙarshen layi. Jadawalin da aka matse shi fiye da abin da titi zai bari yana mayar da direban albashi mai gudu kamar na balas.

Ranar farawa da abin da ke biyo ta

Kada a sauya gari gaba ɗaya a dare ɗaya sai an tabbata komai ya kammala. Santiyago, babban birnin Cile, ya ƙaddamar da Transantiago a watan Fabrairu na 2007, ya soke tsofaffin layuka duka a rana guda, alhali motocin ba su kai yawan da ake buƙata ba, sassan titi na bas ba su kammalu ba, na'urorin sa ido ba su fara aiki sosai ba, jama'a kuma ba su fahimci sababbin layukan ba. Mutane sun yi ta dogayen layuka a tashoshi, jirgin ƙasan birnin ya cika ya batse, kuma an ɗauki shekaru ana gyara da kuɗin gwamnati. Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ta yi sauyi mai girma irin wannan a watan Yuli na 2004, ta raba motocinta zuwa shuɗi, kore, ja da rawaya gwargwadon aikin kowanne, ita ma ta sha ruɗani a makonnin farko kafin abubuwa su daidaita. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara da babban layi ɗaya, a gyara kurakuransa, sannan a wuce na gaba.

Kowace tasha ta kasance da suna, da lambobin layukan da ke tsayawa a wurin, da lokacin motar farko da ta ƙarshe. A kuma fitar da jadawalin a tsarin GTFS, wato salon bai-ɗaya na rubuta jadawalin sufuri yadda kwamfuta za ta karanta, wanda hukumar sufurin birnin Portland na Amurka da kamfanin Google suka fara a 2005, domin manhajojin taswira na waya su iya nuna wa baƙo motar da zai hau. Bayan an fara aiki, hukuma ta riƙa wallafa alƙaluman kowane layi wata-wata: yawan fasinja, tafiye-tafiyen da aka tsara da waɗanda aka yi, mintocin jira, haɗurra da koke-koke. Da waɗannan alƙaluma ake sake auna lokacin zagaye aƙalla sau ɗaya a shekara, a ɗauke motoci daga layin da suke yawo babu kowa a kai su inda ake barin mutane a tasha, kuma da su ake yanke shawarar ko kamfani ya cancanci a sabunta masa kwangila.